Ɗan Kokowar da Ban Bari Ya Faɗi Ba

Ku dai yi ta dariya. Na ji ku sarai jiya a rumfar mai shayi, kuna cewa aikina, ni Kawu Illo, ba aiki ba ne, nuna sanda ne kawai: kai fito, kai ma fito, ku kama. Wani cikinku har da cewa ko makaho zai iya. To, madalla. Ku mai da wayoyin salular nan aljihu, ku matso kusa. Shekara talatin da wani abu ina haɗa kokowa a ƙasar Kurfai, daga Filinge zuwa Bonkuku, daga Baleyara zuwa Abala. Yanzu ku samarin kwamiti kuna so a soke kokowar kasuwanni bana, wai ɓata lokaci ce, a yi zaɓe na wuni guda a nan Filinge, a kwashi waɗanda sunka yi kaye a tura su zaɓen jiha. Kafin ku kai takardar, ku ji abin da ya samu Nomau, ɗan yayata, wanda bai taɓa faɗuwa a ƙaramin fili ba. Ni ne ban bari ya faɗi ba.

Ba da sanda na fara ba, da rariya na fara. Wata ranar kasuwa, can baya inda ake ɗaure jakuna, Baba Arzika ya miƙo mani rariyar ƙarfe mai faɗi, ya zana da'ira a ƙasa da diddige, ya ce in tace rairayin ciki duka kafin la'asar. Baba Arzika shi ne mai haɗa kokowa na wancan zamani, Allah ya jiƙan shi, wani gajeren tsoho da ba ya dariya sai an ka da mai cika baki. Tun hantsi nake duƙe. Ƙarangiya, ƙayar aduwa, fasasshiyar kwalba, ƙashin akuya, tsohuwar ƙusa, duk na fitar na tara gefe guda ina jiran yabo. Ya zo ya tuɓe takalmi, ya zagaya filin sau biyu a hankali, sai ya duƙa ya zaro ƙaya ɗaya tak, ya kawo ta dab da hancina.

"Wagga fa? A bayan ɗan wa kake so ta shiga?"

Sai da na sake tacewa daga farko. Kaka uku na yi ina wanga aiki, ni da rariya da igiya da buhunan da ake jerawa a bakin fili. Ban taɓa sandar ba ko sau ɗaya.

Kuma ba don ƙarfi ya ɗauke ni ba. Na yi kokowa da ƙuruciya, amma don Allah kada ku tambayi tsofaffin garin nan, za su ba ku labarin da zai sa ku rena ni. Babu filin da bayana bai sani ba. Wata rana na ce mashi, Baba, ga gwanaye nan birjik, mi ya sa ni? Ya ce, "Gwani kaye kawai ya sani. Kai ko ka san ƙasa, ka san ɗanɗanonta. Mai haɗi da ƙasa yake aiki." A lokacin na ɗauka zagi ne.

Haɗin farko da ya bar mani a Bonkuku ne, bayan an gama yankan hatsi. Mu ba mu da sikeli, hannu ne sikelinmu. Sai ka kama wuyan hannun mutum ka ji kaurinshi, ka ɗora tafi a ƙeyarshi ka danna kaɗan, ka tura ƙirjinshi da yatsa biyu ka ga wace ƙafa ce ke fara ja da baya. Ka dubi idonshi ka gane ko ya ci abinci da gaske a satin nan. Ni kuwa ran nan zumuɗi ya hana ni yin ko ɗaya. Na ga wani dogon Bafillace makiyayi, na ga wani gajeren manomi mai garkar dankali, na ce a raina dogo zai ɗan fi nauyi, gajere zai fi sauri, ai haɗi ya yi. Na nuna su da sanda ina ƙafafa. Kai! Mai ganga bai gama gyara zama ba gajeren nan ya ɗaga dogon cak ya maka shi da ƙasa. Mutumin da ke jan guga daga rijiya tun safe har yamma, bayanshi kamar turmi, na haɗa shi da wanda nauyinshi duka a ƙafar tafiya yake. 'Yan'uwan makiyayin sunka kwashi sandunansu sunka bar wurin, ba su sake zuwa filin ba sai baɗi. Baba Arzika ya bari sai da taro ya watse. Da munka kama hanyar gida ya zuba mani sandar a ƙwauri, sau ɗaya, mai kyau.

"Wancan ba faɗuwa ya yi ba," ya ce, "wulaƙanci anka yi mai. Mi ya koya? Mi ɗayan ya koya? Ka ɓata mutum biyu da yamma guda."

Daga nan ya buɗe mani sirrin aikin. Kowane saurayi da ya shiga hannunka, a cikin kaka guda, dole ka nema mashi wanda zai ka da shi. Ba wanda zai murƙushe shi ba, wanda ya ɗan fi shi kaɗan, yadda za su jima suna fama, ya ji ta inda aka shigo mashi, sannan ya je ƙasa. Kuma irin wanga haɗi ba ya yiwuwa a filin gari. A gari kowa ɗan'uwan kowa ne. Wanga ƙanen matar wancan ne, wancan ba zai ka da yayan abokinshi a gaban surukai ba, kowa ya san dabarar kowa tun suna kiwon awaki. A filin jiha kuwa babu mai tausayinka, can mutum neman takobin ƙasa, kyautar gwarzon kokowa, ya kai shi, in ya samu wuyanka ba zai tambayi sunan uwarka ba. Tsakanin biyun nan filin kasuwa yake. Can ne za ka gamu da baƙon da ba ka taɓa jin warin jikinshi ba, Bazabarme ko Bafillace ko Buzu, amma a ƙarƙashin sandata, a kan rairayin da anka tace. In ka faɗi wanga sati, kasuwa na ci sati mai zuwa, ka dawo. Babu mai ɗaukarka a tele, wato talabijin, babu wanda zai tuna in ba kai ba.

Masu kiranmu aiki kuwa kowa da abin da yake so. Mai gari na so ɗan garinshi ya yi kaye. Sarkin kasuwa na so taro ya cika. Mata masu fura da ƙosai na so a jima ana fama don robobinsu su ƙare. Maroƙi shi ya fi kowa fitina, don shi gwarzon da ba a taɓa kayarwa ba yake nema, da shi kirari ke daɗi. Duka za su zo su raɗa maka a kunne, wani da goro, wani da damin hatsi, wani da zakara a hammata. Goro ka karɓa, ba laifi. Amma sandar kada ka bari kowa ya riƙe maka ƙarshenta. Na daɗe ina kiyaye wanga, har na fara jin ni wani ne.

A Baleyara akwai wani mutum, Sumana, Bazabarme, ɗan dako ne a wajen masu hatsi. Ya taɓa zuwa kokowar jiha sau biyu da ƙuruciya bai kai ko'ina ba, ya dawo ya ci gaba da ɗaukar buhu. Lokacin da nake ba ku labari furfura ta fara fito mashi a gemu, amma duk ranar kasuwa in anka yi la'asar sai ya kakkaɓe ƙura ya ɗaura walki. Ban taɓa ganin mai kaye irin nashi ba. Zai bar saurayi ya gwada duk abin da ya iya, ya yi ta huci, sannan ya kama ƙugunshi ya ɗaga, ya juya shi a iska yadda kafaɗa za ta fara sauka, ya aje shi kamar mai sauke buhun da ba ya so ya fashe. In saurayin ya miƙa hannu zai tokare ƙasa, sai Sumana ya buge hannun da gwiwa tun kafin su sauka, ya ce da Hausarshi ta Zabarmawa, "Naɗe hannu! Hannu ba ƙafa ba ne!" Duk ɗan Kurfai da ya yi suna a zamanina ta hannun Sumana ya bi. Sunan Sumana kuwa bai taɓa fita a rediyo ba.

To, sai ga Nomau. Ɗan farin yayata Kulu ne, ubanshi ya rasu yana goye, a gabana ya girma. Ran da ya fara ɗaura walki a filin garinmu na kama wuyan hannunshi kamar yadda nake yi wa kowa. Wallahi ban taɓa riƙe ƙashi irin wanga ba. Ga ƙafa mai sauri, ga ido a buɗe. A kakar farko ya share samarin garin duka, na ce a raina baɗi sai Baleyara, sai Sumana.

Ana saura kwana biyu mu tafi, Yaya Kulu ta aiko a kira ni. Kun san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ma nuna ta damu da shi a gaban mutane. Na tarar da ita tana sussuka. Ba ta ɗago kai ba.

"Illo, an ce Baleyara za ku."

"Haka ne, Yaya."

"An ce akwai wani ƙato can mai ɗaga mutane sama."

"Yaya, ai shi ne ma mai sauƙin. Ba ya ji wa kowa."

Ta ci gaba da sussuka har na ɗauka maganar ta ƙare. Sannan ta ce, "Wanga yaro shi kaɗai ke riƙe mani gona. Ka dai duba." Ni kuwa ita ta goye ni. Na yi mata sallama na fito.

A Baleyara ran nan Sumana na tsaye da walkinshi yana jira, na ɗauke kai kamar ban gan shi ba, na nuna wani saurayi mai jiki amma marar ƙafa. Nomau ya ka da shi, taro ya ɗauka da ihu. Na ce sati guda ne kawai, don hankalin Yaya ya kwanta. Sati na gaba wani maroƙin garinmu ya fito da sabon kirari, wai ga na Kulu, bayanshi bai san rairayi ba. Shi ke nan, magana ta shiga bakin yara da mata masu daka. Mai gari ya fara kirana yana ba ni kujera kusa da shi. Ni ma, kada in ɓoye maku, abin ya yi mani daɗi. Ɗan yayata ne fa. Kuma wanda ya iya haɗa gaskiya shi ya fi kowa iya haɗa ƙarya. Nakan zaɓo mai kama da dodo a ido, amma na riga na taɓa shi na san gwiwarshi ta hagu ba ta da lafiya. Ko wanda na ga ya yi kokowa biyu jiya a wani gari, ya gaji. Ko mai ƙarfi marar numfashi. 'Yan kallo na ganin an yi karon maza, ni kaɗai na san abin da na ƙulla. Kaka uku muna haka. Nomau kanshi bai sani ba.

Sumana dai ya sani. Wata ranar kasuwa ya tare ni wajen masu awon hatsi, buhu a kai, gumi na zuba.

"Fofo, Illo, sannu. Yaushe za ka ba ni ɗan 'yar'uwarka?"

Na yi 'yar dariya, na ce bai nuna ba tukuna.

Ya sauke buhun a hankali. "Bai nuna ba? Ya kusa ruɓewa. Na gan shi, da anka taɗe shi ran nan hannu ya miƙa. Ka ba ni shi sau uku kawai. In ba ni na aje shi ba, wani zai jefar da shi, kuma wancan ba zai duba inda ya sauka ba."

Na ji kunya har cikin ƙashina, don a gaban Baba Arzika da ni da Sumana munka koyi abu ɗaya. Na kama hannunshi na ce wallahi da an yanke hatsi bana, ranar kasuwar farko, Nomau nashi ne. Kuma da gaske nake, har na shirya abin da zan gaya wa Yaya.

Ba a yi wannan kasuwar ba. A shekarar ce abubuwa sunka lalace a arewa da mu. Kun dai sani, wasunku a nan sun rasa 'yan'uwa. Hanyar Abala ta zama sai da addu'a saboda 'yan bindiga, hukuma ta hana hawa moto, wato babur, ta hana taro, kuma ba mu ga laifinta ba. Ga ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya tsaya bai cika ido ba. Wa zai ɗaura walki da yunwa? Makaɗa sunka rataye ganguna, samari sunka watse neman abinci, wasu Yamai, wasu can kudu. Ni na koma saƙar zana. Rariyata ta yi tsatsa a kan rumbu. Kaka biyu cur babu kokowar kasuwa ko ɗaya a ƙasar nan. Cikin haka buhu ya zame wa Sumana daga kan mota ya taɓa mashi baya, ya aje walki har abada.

Da abubuwa sunka ɗan lafa anka ce a kawo 'yan kokowa zaɓen jiha. Babu lokaci, babu kasuwanni, sai anka yi irin abin da kuke so ku yi yanzu: wuni guda a Filinge, wanda ya tsaya shi ke tafiya. Duk samarin sun yi sanyi, shekara biyu ba su taɓa jikin baƙo ba. Nomau ya fi su ƙashi, ya share su kafin magariba. Anka ɗauke shi a salula, hoton ya zagaya ko'ina, kirarin nan ya dawo sabo. A ranar ina da bakin da zan ce a'a. In na ce bai isa ba, za a saurare ni. Amma in faɗi mi? In tsaya gaban mai gari da Yaya da shi kanshi in ce duk kayen da kunka gani ni na dafa? Ban iya ba. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Abin da na iya shi ne, da safen ranar tafiya na ja shi bayan gida inda rairayi ke da laushi, na ce ya faɗi.

"In faɗi, Kawu? Wa ya ka da ni?"

"Faɗi dai. Haɓa a ƙirji, hannu a naɗe, kafaɗa ta fara sauka."

Ya yi dariya, ya faɗi sau uku don ya faranta mani, kuma ya yi daidai. Ya tashi yana kakkaɓe jiki. "Kawu, kada ka damu, ba zan buƙace shi ba." Na san aikin banza na yi. Faɗuwar da mutum ya zaɓa da kanshi daban, wadda anka ɗaga shi ƙafafu na lilo a sama daban. Ta biyun ba a koya ta da baki, jiki ne ke koya, kuma sai an maimaita mashi har ya daina gardama.

A babban filin jiha ba ni da sanda, ɗan rakiya ne ni, a bayan igiya nake tsugune. Can ƙuri'a ke haɗa mutane, ba ido ba. Karon farko Nomau ya yi kaye, kuma na gaske ne, na yi ihu har muryata ta dushe. Karo na biyu ƙuri'a ta ba shi wani daga bakin kogi, ba dogo ba, amma ina ganin yadda yake taka ƙasa na san wanga ya sha faɗuwa ya ƙoshi. Bai yi gaggawa ba. Ya bar Nomau ya kai hari sau biyu, a na uku ya nutse ƙasa ya rungumi ƙugunshi ya miƙe da shi. Karo na farko a duniya ƙafafun Nomau biyu sunka bar ƙasa. Na ga fuskarshi, ba tsoro ba ne, mamaki ne. Na buɗe baki na ce, "Naɗe hannu!" Ina! Ganguna na tashi, mutane na ihu, wa zai ji ni? Ko da ya ji ma, shekara da shekaru ana gaya mashi bayanshi bai san rairayi ba. Ya miƙa hannun dama sambal don ya hana bayan taɓa ƙasa, nauyin mutum biyu ya sauka a kai.

Daga inda nake na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Wanda ya ka da shi ne ya fara ɗaga hannu yana kiran a kawo agaji. Ba shi da laifi ko kaɗan, kaye mai tsabta ya yi. Duk wanda ya bi ta hannun Sumana, da tashi zai yi ya kakkaɓe rairayi ya jira baɗi.

A gidan likita sun yi iyakar ƙoƙarinsu, da munka dawo gida maɗori ma ya yi nashi. Ƙashin ya haɗe, amma gwiwar hannun ta ƙage, ba ta miƙewa ba ta lanƙwashewa sosai. Yaya Kulu ba ta ce mani komai ba. Da ma ta zage ni. Ta dai ci gaba da aiko mani da fura kamar kullum, ni kuwa ba na iya shanta. Sumana ya biyo motar kasuwa yana dafe da baya ya zo dubiya. Da zai tafi na raka shi tasha ina jira ya ce ai na gaya maka. Ya dube ni kawai ya ce, "Kala suru, Illo," wato sai haƙuri, ya hau mota.

To, ku masu cewa kokowar kasuwa ɓata lokaci ce, ga abin da nake so ku ɗauka. Gaskiyarku, babu takobi a Bonkuku, babu tele a Baleyara. Taron ma wani lokaci bai fi na suna ba, rabi awaki ne. Amma a ina kuke so saurayi ya yi kuskurenshi? Ko masu ƙwallon da kuke kallo a salula, kun taɓa ganin an ɗauko mutum daga fagen unguwa an jefa shi babban wasa ran nan? Zaɓen wuni guda ƙashi kawai yake nuna maku, wa ya fi wa ƙarfi yau. Ba ya nuna wanda ya iya tashi bayan an ka da shi, ba ya nuna wanda sai a kaka ta uku zai buɗe. Kuma ina za ku kai irin su Sumana, waɗanda ba za su ci takobi ba amma su ke gyara masu ci? In babu ƙaramin fili, walki za su aje, abin da ke hannunsu ya tafi da su. Ku ba ni kasuwa huɗu kawai bana. Ba na neman komai, igiya da buhuna ina da su, tacewar ma zan koya wa duk wanda bai ji ƙyuya ba.

Bara da damina na je gonar Yaya, lokacin noman farko. Na daɗe ina ɗauke da maganar, ran nan na ce ko mi zai faru sai na sauke ta. Na hango Nomau shi kaɗai a tsakiyar gona da hauyar nan tamu mai doguwar ƙota, wadda ake turawa a tsaye da hannu biyu. Shi ya tokare ƙarshen ƙotar a kafaɗa, yana turawa da jiki, hagu na riƙe. Abin da da yake gamawa kafin azahar, yanzu sai ya kai kwana biyu. Ya gan ni ya saki fuska, ya ce, "Kawu, sannu da zuwa, rana ta yi zafi ka fito." Munka zauna ƙarƙashin gawo. Na gaya mashi duka, ban rage ba. Mai ciwon gwiwa, da wanda ya gaji, da marar numfashi, da alkawarin da na yi wa Sumana. Na ce ya yafe mani in zai iya, in bai iya ba ma ba zan ga laifinshi ba.

Ya jima yana tona ƙasa da ɗan tsinke. Na ɗauka zancen hannun zai yi.

"Kawu, hannu kam Allah ya rubuta, na yafe. Amma abu ɗaya nake so ka gaya mani, tsakaninka da Allah. Kai ne ka san nauyin kowa a ƙasar nan. Da ka ba ni Sumana tun farko, na faɗi na tashi kamar kowa, da na zama ɗan kokowa na gaske? Ko dama can ni ba kowa ba ne, kai ne kawai?"

Na so in ce mashi da ka ci takobi. Bakina har ya buɗe. Amma ƙarya ta ishe ni da yaron nan. Na ce, "Nomau, ƙashi kam ban taɓa riƙe irin naka ba. Sauran kuwa ban sani ba. A ƙasa ake ganin shi, ni kuma ban bari mun gani ba."

Ya gyaɗa kai. "To, ni ma ban sani ba," ya ce. "Kuma yanzu babu inda zan je in tambaya."

Ya tashi ya ɗauki hauyar, ya gyara mata zama a kafaɗa, ya koma inda ya tsaya da noma.